Masu Wa'azin Talabijin da Sunan Kiristocin Ibanjelikal: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai wani maƙwabcina mai shagon kayan masarufi a bakin layinmu. Musulmi ne, mun fi shekara goma muna gaisawa safe da yamma. Wata rana na je sayen sabulu, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, don Allah duba wannan." Bidiyon wani mai wa'azi ne daga Amurka yana hura iska a gaban kyamara, yana cewa da numfashin nan ya kori cutar korona. Maƙwabcina bai yi dariya ba. Ya dube ni da natsuwa ya ce, "Wai haka addininku yake?"

A cocin ECWA na tashi, kuma tambayar nan ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Na tattara ire-irenta da nake sha daga Musulmi da Kirista, ga amsoshinsu gwargwadon abin da na sani.

Su wa ake kira Ibanjelikal?

Asalin kalmar daga harshen Girka ne, ma'anarta bishara, kuma tushenta ɗaya da kalmar Linjila. Reshe ne na Furotesta. Wani masanin tarihi ɗan Birtaniya, David Bebbington, ya taƙaita alamominsu guda 4 a 1989: Littafi Mai Tsarki shi ne ma'aunin koyarwa, mutuwar Yesu a kan gicciye ita ce cibiyar ceto, kowane mutum sai ya tuba da kansa, abin da muke kira maya haihuwa, sannan wanda ya ba da gaskiya sai ya fita ya yi shela, ya kuma yi aikin jinƙai. Kuɗi ba ya cikin waɗannan huɗun, haka ma jirgin sama da ranar tashin duniya.

A Amurka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na manya suna ƙarƙashin wannan suna. A wajenmu kuwa, ECWA mai hedkwata a Jos ta fito ne daga aikin mishan na SIM da ya faro a 1893, aka kafa ta a matsayin coci a 1954. Akwai COCIN, akwai EYN, akwai HEKAN. A Nijar akwai asibitin Galmi da SIM ta buɗe a 1950, wanda yawancin marasa lafiyar da ke zuwa cikinsa Musulmi ne. Duk waɗannan Ibanjelikal ne.

To mai wa'azin talabijin fa, shi ba Ibanjelikal ba ne?

Da yawansu haka suke kiran kansu, kuma babu mai ikon hana su. Nan ne matsalar take. Katolika suna da Fafaroma, suna da tsarin da zai dakatar da limamin da ya kauce. Mu ba mu da shugaba guda. Duk wanda ya iya magana, ya sami kuɗin sayen lokaci a tasha, ya sa sunansa a jikin allo, ya zama "bawan Allah", ba tare da wata majalisar dattawa ta tantance shi ba.

Yawancin fitattun cikinsu sun fito ne daga wani ɓangare na 'yan Fentikos da ke koyar da cewa abin da ka furta da bangaskiya dole ya tabbata. Kenneth Hagin na jihar Oklahoma ne ya fi yaɗa wannan koyarwa, Kenneth Copeland kuma ya ɗora daga nan. Amma kada a yi wa 'yan Fentikos kuɗin goro. Cocin Assemblies of God na Fentikos ne, ita ce kuma ta tuɓe fitattun masu wa'azin talabijin Jim Bakker da Jimmy Swaggart daga aikin fasto.

Me ya sa wa'azin talabijin ya koma kamar wasan kwaikwayo?

Don a gane wannan sai an koma 1960. Kafin lokacin, tashoshin Amurka suna ba manyan ɗariku lokaci kyauta a matsayin hidimar jama'a. A shekarar ce hukumar sadarwa ta ƙasar ta amince cewa ko shirin addinin da aka biya kuɗinsa ana iya lissafa shi cikin hidimar jama'a. Tashoshi suka ga babu dalilin bayar da abin da za su iya sayarwa. Cikin 'yan shekaru lokacin kyauta ya ƙafe, fili ya koma hannun mai iya biya. Pat Robertson ya kafa tashar CBN a 1960, Paul da Jan Crouch suka kafa tashar TBN a 1973, tauraron ɗan'adam kuma ya kai su ko'ina a duniya.

Yanzu ka auna halin mai shirin. Kowane mako akwai lissafin tasha da za a biya, kuma daga aljihun masu kallo kuɗin zai fito. Mai kallo yana riƙe da rimot, minti ɗaya ya isa ya sauya tasha. Idan ka tsaya kana bayyana wasiƙar Romawa aya bayan aya, kana koya wa mutane haƙuri da gafara, wayar ofishinka ba za ta yi ƙara ba. Idan ka ce Allah ya nuna maka wata mata mai ciwon ƙoda, kuma duk wanda ya aiko da kuɗi kafin ƙarfe goma sha biyu zai ga buɗi, waya za ta yi ta ƙara har dare. Kasuwar da kanta take tace masu natsuwa ta zubar, ta bar masu ihu. Kuma abin da ya girgiza mutane bana ba zai girgiza su baɗi ba, sai an ƙara gishiri.

YouTube da Facebook da TikTok sun zo sun ƙara wa wutar fetur, domin su ma abin da ya fi tayar da hankali suke turo wa mutane gaba.

Mene ne wannan "shuka iri" da suke yawan faɗa?

Koyarwa ce mai cewa kuɗin da ka ba mai wa'azi iri ne da ka shuka, Allah kuma zai mayar maka ninki-ba-ninki a lafiya ko dukiya. Oral Roberts na birnin Tulsa ne ya fi kowa yaɗa ta. A watan Janairun 1987 ya shaida wa masu kallonsa cewa idan bai tara dala miliyan 8 kafin ƙarshen Maris ba, Allah zai ɗauke ransa. Kuɗin sun taru, har wani mai filin tseren karnuka a Filorida ya ba da dala miliyan 1.3. Bayan shekara biyu babban asibitin da Roberts ya gina ya rufe. A 2015 Creflo Dollar ya nemi mutum 200,000 su ba da dala 300 ko fiye kowanne don a saya masa jirgi na dala miliyan 65. A 2018 Jesse Duplantis ya nemi na dala miliyan 54.

Suna da ayoyin da suke jingina da su: Malakai 3:10, Luka 6:38, Markus 10:30. Amma suna yanke ayar ne daga mahallinta. Ita ta Markus ɗin, a cikin jimlar da ta yi maganar ninki ɗari ta ambaci tsanani, sai dai ba kasafai ake karanta wannan gutsuren a talabijin ba. Ba sa kuma taɓa Ayyukan Manzanni sura 8, inda Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Ba sa taɓa labarin Gehazi, baran Elisha, wanda ya bi Na'aman a guje ya karɓi ladan warkarwa, kuturta ta kama shi. Bulus ya gargaɗi Timoti a kan mutanen da ke ɗaukar ibada hanyar samun riba.

Baiko da zakka suna nan a ikkilisiya tun farko, ba wanda ke musun wannan. Da su ake biyan fasto, a gyara rufin majami'a, a taimaki gwauraye da marayu, kuma ma'aji yana tashi ya karanta lissafi a gaban jama'a. Shukar iri kuwa ciniki ce ake ƙullawa da Allah, ribar kuma a hannun dillali take tsayawa.

Warkarwar da ake nunawa fa, gaskiya ce ko shiri?

Na gaskata Allah yana warkarwa, ina kuma yi wa marasa lafiya addu'a. Amma an kama wasu dumu-dumu. Peter Popoff yakan kira sunan mutum cikin taro, ya faɗi ciwonsa da adireshin gidansa, ya ce wahayi ne. A 1986 wani mai bincike, James Randi, ya zo da na'urar kama zangon rediyo, aka ji muryar matar Popoff tana karanta masa bayanan ta wata ƙaramar na'ura da ke cikin kunnensa. Daga katunan addu'a da mutane suka cike a bakin ƙofa take karantowa. An watsa wannan a talabijin, ya karye a 1987. Abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne bayan 'yan shekaru ya dawo yana tallan "ruwan al'ajibi", mutane kuma suka ci gaba da aika masa kuɗi.

Ko inda ba a shirya yaudara ba, kyamara tana nuna minti biyar ɗin da mutum ya yar da sanda ne, ba ta bin sa gida bayan mako uku. Shi ya sa NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, ta hana watsa mu'ujizan da ba a tabbatar da su ba a 2004. Masu shirye-shiryen suka koma tauraron ɗan'adam da intanet.

Wannan magana ta taɓa gidanmu. Gwaggona gwauruwa ce, da kunu da ƙosai ta yi renon 'ya'yanta, kuma tana fama da hawan jini. Ta kamu da son shirin wani mai wa'azi da ake kamawa ta dish. Idan ya ce a taɓa allo, sai ta tashi ta ɗora tafin hannunta a gilashin talabijin, idonta a rufe, leɓɓanta na motsi. Da ta kwashi adashi, gaba ɗaya ta aika. Ranar da ya ce wanda ya karɓi warkarwa kada ya koma ga abin da aka 'yantar da shi daga gare shi, ta tattara magungunanta ta zuba a leda ta cusa ƙarƙashin gado, ba ta gaya wa kowa ba. Ba a yi wata ɗaya ba ɓarin jikinta ya shanye. Da na je asibiti na ce, "Gwaggo, me ya sa?" sai hawaye ya zubo ta gefen idonta, ta ce da bakin da ya karkace, "Ɗana, bangaskiyata ce ta kasa."

Wannan jimlar ce ta fi ci mini rai har yau. An karɓe mata kuɗi, an karɓe mata lafiya, sannan aka bar ta da laifin. Wanda ya riƙa zuwa dubiya a kan tsohon babur shi ne faston cocinmu, zumuntar mata kuma suka raba kwanakin kai abinci. Bulus da kansa ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Luka abokin tafiyarsa likita ne.

Me ya sa suke ta sa wa tashin duniya rana?

Tsoro yana tara jama'a. Harold Camping, mai gidan rediyon Family Radio a Kalifoniya, ya fara nuna 1994, bai yiwu ba. Ya sake sa 21 ga Mayu, 2011, aka cika manyan tituna da allunan talla. Wasu suka bar aiki, wani ɗan fansho a New York ya kashe kusan dala 140,000 na ajiyarsa wajen yaɗa sanarwar. Rana ta zo ta wuce, ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba. A 2012 ya fito ya amsa cewa ya yi zunubi, wannan kam a yaba masa, don kaɗan ne ke yin haka. John Hagee ya ɗaura manyan al'amura a kan husufin wata guda 4 na 2014 da 2015. A 2020 masu kiran kansu annabawa da dama, har da Pat Robertson, sun ce Allah ya nuna musu Donald Trump zai ci zaɓen shekarar. Bai ci ba. 'Yan kaɗan suka nemi gafara, wasunsu kuma mabiyansu suka yi musu ca saboda neman gafarar.

Matiyu 24:36 ta rufe wannan ƙofa, babu wanda ya san ranar ko sa'ar. Maimaitawar Shari'a 18:22 kuma ta ce idan annabi ya faɗi abu da sunan Ubangiji bai cika ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba. Duk ɗan makarantar Lahadi ya san waɗannan.

Gaskiya ne suna cewa bala'i hukunci ne a kan waɗanda ya faɗa wa?

Wasu sun faɗa. Kwana biyu bayan harin 11 ga Satumba, 2001, mai wa'azi Jerry Falwell ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan wasu rukunonin Amurkawa a shirin Robertson. A Janairun 2010, ana kan tono gawawwaki a Haiti bayan girgizar ƙasa, Robertson ya danganta wahalar ƙasar da wata yarjejeniya da ya ce kakanninsu sun ƙulla da Shaiɗan. A daidai lokacin ƙungiyoyin agaji na Ibanjelikal irin su World Vision suna can suna raba ruwa da tantuna, amma maganar Robertson ce ta zagaya duniya. Yesu ya amsa wannan tambaya a Luka 13, da aka zo kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa: ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Maganganun ɓatanci ga Musulunci fa? Da yawunku suke yi?

A'a, kuma ina faɗin haka ba tare da kwana-kwana ba. A Oktoban 2002 Falwell ya furta kalmar ɓatanci ga Annabin Musulunci a wata hira da tashar CBS, daga baya ya ba da haƙuri, amma magana zarar bunu ce. Terry Jones na garin Gainesville a Filorida, wanda ya yi barazanar ƙona Alƙur'ani a 2010 ya kuma aikata a Maris 2011, mabiyansa ba su wuce 50 ba. Manyan ƙungiyoyin Ibanjelikal na Amurka da na duniya sun fito fili sun roƙe shi ya bari. Duk da haka kyamarorin duniya suka yi sansani a ƙofar cocinsa, kuma a zanga-zangar da ta biyo baya a Mazar-i-Sharif ta Afghanistan an kashe ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya 7.

Mai irin wannan furuci yana zaune a inda ba abin da zai same shi. Mu da muke cin kasuwa ɗaya, muke ɗiban ruwa a famfo ɗaya, muke zuwa suna da jana'izar juna, mu ne muke kwana da zullumi. Muna da bambancin aƙida na gaske da 'yan'uwanmu Musulmi, ba ma ɓoye shi. Amma wasiƙar Bitrus ta fari ta umarce mu mu ba da amsar begenmu da tawali'u da ladabi.

Yaya wannan salo ya iso Najeriya?

Babbar gadar ita ce Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya yi karatu a Dallas a farkon shekarun 1970, ya ƙulla zumunci da masu wa'azin Amurka, ya kuma fara shirin talabijin nasa. Ya rasu a 1998, amma almajiransa sun cika ƙasa. Koyarwar ta sami ƙasa mai taushi a shekarun 1980, lokacin tsuke bakin aljihu, da darajar naira ta faɗi, asibitoci suka koma wurin rubuta magani kawai. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

T. B. Joshua na Legas ya kai abin wani mataki da tasharsa Emmanuel TV, har mutane na zuwa daga ƙasashe masu nisa. A ranar 12 ga Satumba, 2014 masaukin baƙin cocinsa ya rufta, mutum 116 suka mutu, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu. Ya rasu a 2021, a Janairun 2024 kuma BBC ta fitar da bincike inda tsofaffin almajiransa suka yi zargin cin zarafi mai muni, cocin ya musanta. Ƙungiyar 'yan Fentikos ta Najeriya, PFN, ba ta taɓa karɓarsa a matsayin mamba ba, amma mutum nawa ne a waje suka san haka? A Kenya kuma, a dajin Shakahola, an tono gawa fiye da 400 tun daga 2023, na mabiyan Paul Mackenzie da ake zargin ya umarce su su yi azumi har mutuwa. Shi ma ya taɓa riƙe tashar talabijin.

Babu mai tsawata musu ne?

Akwai, sai dai ƙarfin bai kai ba. An ɗaure Jim Bakker a 1989 saboda ya sayar wa dubban mutane haƙƙin kwana a otal ɗinsa a kan dala 1,000 kowanne, fiye da yawan ɗakunan da ke akwai. Shekara 45 aka yanke masa, aka rage, ya fito a 1994. A 2020 ga shi kuma a talabijin yana tallan wani ruwa a matsayin maganin korona, har jihar Missouri ta kai shi kotu. Sanata Chuck Grassley ya buɗe bincike a kan manyan masu wa'azi 6 a 2007, aka rufe a 2011 ba a hukunta kowa ba. Dokar Amurka ba ta tilasta wa coci miƙa rahoton kuɗi na shekara kamar sauran ƙungiyoyin agaji, shi ya sa da yawa suke rajistar harkarsu da sunan coci.

Daga cikin gida, an kafa majalisar ECFA a 1979 don tantance lissafin kuɗin ƙungiyoyin bishara, amma shiga ganin dama ne. Malaman tauhidi na Afirka sun zauna a Akropong ta Ghana a 2008 da 2009 sun yi watsi da bisharar wadata, wato koyarwar shuka iri da ire-irenta, babban taron Ibanjelikal na duniya da ƙungiyar Lausanne ta shirya a Cape Town a 2010 ya jaddada hakan. Takardu ne masu kyau. Gwaggona ba ta taɓa jin labarinsu ba.

Ke nan laifin 'yan jarida ne da suke nuna marasa kirki kawai?

Suna da nasu kason. Faston da ya shekara 30 a ƙauye, ana biyansa da kwanon hatsi, yana binne matattu yana sasanta ma'aurata, ba labari ba ne a wurinsu. Wake ɗaya kuma shi ke ɓata gari.

Amma ba zan yarda mu fake a nan ba. Kuɗin jiragen nan daga aljihun Kirista suka fito. Tashoshin nan a falonmu suke kunne daga safe har dare. Fastocinmu da yawa sun san koyarwar ƙarya ce, amma suna tsoron kiran suna daga bagade don kada mambobi su gudu, wasu ma sun fara kwaikwayon salon don su riƙe matasa. Da zarar wani ya yi tambaya sai a toshe masa baki da cewa kada a taɓa shafaffe na Ubangiji, alhali mutanen Biriya an yabe su ne don sun riƙa bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Idan an auna maganar Bulus, wane ne ya fi ƙarfin a auna tasa?

Duk mai wa'azi a talabijin mayaudari ne?

A'a. Billy Graham ya shekara fiye da 50 yana amfani da rediyo da talabijin. Tun 1948 shi da abokan aikinsa suka ɗaure kansu da ƙa'idoji a garin Modesto: gaskiya a harkar kuɗi, nisantar abin zargi da mata, aiki tare da cocin gari, da rashin ƙara gishiri a yawan mahalarta taro. Albashi ya riƙa karɓa, hukumar amintattu ce ta riƙe kuɗi. Ya yi nasa kurakuran, musamman kusancinsa da Shugaba Nixon, ya kuma amsa su. Rediyon ELWA da ya fara watsa shiri daga Laberiya a 1954 ya koyar da iyayenmu da Hausa shekara da shekaru ba tare da sayar musu da ruwa ko mai ba.

Mahaifiyata tana aika wa irin waɗannan kuɗi. Yaya zan yi?

Kada ka yi mata dariya, kada kuma ka kashe talabijin a gabanta. Za ta ɗauka gwaji ne daga Shaiɗan, ta ƙara riƙewa, ta kuma daina gaya maka abin da take yi. Abin da ya kai ta can yawanci ciwo ne, ko bashi, ko ɗa da ya ƙi jin magana, ko kaɗaici. Fara da wannan. Zauna ku kalli shirin tare, idan ya kawo aya ka ce, "Mama, bari mu karanta surar gaba ɗaya." Ka tambaye ta a hankali wa ke duba lissafin kuɗinsa, wa zai iya dakatar da shi idan ya yi kuskure, annabcinsa na bara ya cika ko bai cika ba, kuma idan ta kwanta ciwo yau zai san sunanta.

Ka shigo da fastonta da shugabar zumuntar mata cikin maganar, don wata gaskiyar ta fi shiga daga bakin sa'o'inta. Idan tana shan maganin hawan jini, ko na suga, ko na farfaɗiya, ko na ƙanjamau, kada ka tsaya ga tambayarta ko tana sha. Karɓi kwalin ka ƙirga ƙwayoyin da hannunka duk mako, ka kuma leƙa ƙarƙashin gado.